Wuta ta cinye makiyaya: wane aiki ne ke kan ƙaramar hukuma?

Tambaya: Wani mai karatu daga yankin makiyaya na arewacin jihar Maraɗi ya rubuto cewa: "Kusan kowace kaka wutar daji na cinye mana ciyawa. In ta wuce sai a zo a jajanta mana, a tafi. Mene ne ainihin aikin ƙaramar hukuma bayan gobara, kuma me za ta yi don kada abin ya maimaitu baɗi?"

Amsa: Malam, sannunku da wannan asara, Allah Ya mayar muku da alheri. Zan fara da ƙarshen tambayarka, don can nauyin yake. Yawan dajin da wuta za ta ci a Nuwamba ya dogara ne da aikin da aka yi, ko aka kasa yi, tun a Satumba. Kuɗin aikin Satumba kuwa sai an sa su a kasafin da ake zartarwa tun ƙarshen shekarar da ta gabata. Ƙaramar hukumar da ta bari sai hayaƙi ya tashi sannan ta fara neman kuɗi, jaje kawai ya rage mata.

Abin da ya sa wutar yankinku ta fi ta kudu illa shi ne irin ciyawar. Daga Cintabaraden da Abalak zuwa Bermo da Belbeji da Tanut, galibin abin da ke rufe ƙasa ciyawa ce mai rayuwar damina ɗaya, irin su ƙarangiya da burburwa. Tana zubar da iri ta bushe a tsaye, kuma ita ce rumbun dabbobi na wata takwas zuwa tara. In ta ƙone a Oktoba, ba abin da zai sake tofowa sai ruwan Yuni ko Yuli. A kudu, inda gamba da 'yan uwanta masu daɗaɗɗiyar saiwa suke, ƙunar farkon kaka na fito da sabon tofo, shi ya sa ake ba su shawarar ƙona daji da wuri. Kada kowa ya ɗauko wannan shawara ya kawo muku. Sannan shekarar da damina ta yi albarka ita ce shekarar wuta, saboda ciyawa ta haɗe ba gurbi, wuta na samun abin bi ba yankewa. In Agusta ta yi ruwa sosai, a fara shiri tun lokacin.

Kwanakin farko bayan gobara na mutane ne da dabbobin da suka ji rauni. Wanda ya ƙone a riƙa zuba masa ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin na kimanin minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, ban da shafa mai ko ƙwai ko toka ko man goge baki. In ƙunar ta taɓa fuska ko hannu, ko ta yi faɗi, ko ƙaramin yaro ne, motar ma'aikatar magajin gari ta wuce da shi asibitin gunduma kai tsaye. Dabbobi kuwa jami'in kiwo ya duba musu kofato da hantsa da ido da numfashi. Saniyar da kofatonta ya ƙone sosai ba za ta iya zuwa rijiya ba, gara a yanka ta tun tana da nama. Wadda ta shaƙi hayaƙi takan yi kamar lafiyarta ƙalau, sai bayan kwana biyu ko uku tari ya bayyana, don haka a sake zagayowa. Iyalan da bukka ko tanti ko hatsinsu ya ƙone a rubuta su ta hannun ardo ko shugaban rukuni cikin mako guda, domin makiyayi ba zai zauna kan toka yana jiran mai rajista ba.

Sai ƙidayar ɓarna, kuma a nan rahotanni da yawa ke yin rauni. A rubuta "hekta dubu goma sun ƙone" a tsaya nan, ba ya nuna wa mai karɓar rahoto a Yamai abin da aka rasa. A juya hektocin zuwa abincin dabba. Ma'aikatan kiwo na lissafi da dabba mai nauyin kilo 250, wadda ke cin kilo 6.25 na busasshiyar ciyawa a rana, wato kusan tan 1.7 a kwana 270 na rani. Ba duk ciyawar da ke tsaye ce ke shiga cikin dabba ba: gara ta ci, iska ta kwashe, kofato ya tattake, shi ya sa kusan kashi ɗaya cikin uku ake ƙirgawa. A ɗauka, alal misali, wurin na da tan ɗaya a kowace hekta. Hekta 10,000 ke nan tan 10,000 a tsaye, masu amfani a ciki kimanin tan 3,300, abincin rani sukutum na irin waccan dabba kusan 2,000. In da a buhu mai kilo 50 za a zuba shi, buhu 66,000 ne. Ainihin nauyin ciyawar wurin jami'an kiwo kan auna shi kowace ƙarshen damina. In ba a samu nasu ba, a yanke ciyawar murabba'in mita ɗaya-ɗaya a wurare kamar talatin a gefen da bai ƙone ba, a shanya ta bushe sarai, a auna, a ɗauki matsakaici: giram 100 a murabba'in mita daidai yake da tan ɗaya a hekta.

Faɗin wurin kuwa mutum a kan babur ya bi bakin ƙunar da GPS na waya cikin mako biyun farko, kafin hunturu ya share tokar iyakar ta ɓace. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 kyauta ne, suna sabuntuwa kusan duk kwana biyar, kuma cibiyar AGRHYMET da ke Yamai na bibiyar wutar daji a yankin Sahel. Rahoton ya bi hanyar da aka tanada: kwamitin gargaɗin gaggawa na ƙauye (SCAP/RU), kwamitin sa ido na ƙaramar hukuma (OSV), kwamitin gunduma, har zuwa DNPGCA, hukumar ƙasa mai kula da matsalolin ƙarancin abinci. Wanda ya zo a makare ko babu adadi, da wuya ya shiga shirin tallafin shekarar.

Matsalar da ke biyo baya, wadda aka fi mantawa da ita, ita ce ina garkunan za su nufa. Wanda makiyayarsa ta ƙone a Oktoba, ko dai ya taru da sauran a rijiyoyin da ciyawarsu ta tsira a cinye ta kafin Maris, ko ya gangara kudu tun amfanin gona na tsaye, kafin ranar sakin gonaki da hukuma ke tsayarwa kowace shekara. Wannan gangarowar wuri ita ke haddasa faɗa da manoma. Saboda haka cikin kwana goma magajin gari ya tara shugabannin rukunan Fulani da Buzaye, da masu rijiyoyi, da kwamitin filaye na Cofocom, da ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN. A daidaita bi-da-bi a mashaya, a tsayar da kuɗin shayarwa kada masu rijiya su ninka shi, a kira ƙananan hukumomin da ke kudu a shaida musu dabbobi na tafe don su tabbatar burtali a buɗe yake. Dusar alkama da ƙuli-ƙulin auduga a yi odarsu tun Disamba ko Janairu kafin farashi ya hau, a adana a bankin abincin dabbobi, a fara sayarwa da rahusa daga Maris. A fifita shanun tatsa da maruƙa da dabbobin da ke jan guga, kilo ɗaya zuwa biyu ga saniya a rana a matsayin ƙari. Rabon kyauta ga kowa da kowa mako ɗaya yake yi ya ƙare, kuma masu manyan garkuna ne ke kwashe shi. A kuma faɗa wa makiyaya gaskiya: wanda ya sayar da wani sashe a Nuwamba yana samun kuɗin dabba, wanda ya jira Mayu kuɗin fata zai karɓa.

Ita ƙasar da ta ƙone ba ta buƙatar bikin dashen itatuwa. Aduwa da anza da sabara da jiga sukan tofo daga gindi, don haka kada a ce itace ya mutu sai damina ɗaya ta wuce a kansa. A dakatar da ba da takardar saran itace da ƙona gawayi a wurin, domin in aka bari a kwashi "mataccen itace" bayan kowace gobara, an nuna wa wasu ribar cinna wuta ke nan. Wutar ciyawa da gudu take wucewa, wani sashen irin da ya shige yashi yakan tsira. Haɗarin shi ne wata takwas na iska a kan ƙasa tsirara. A kan tudun yashi a shimfiɗa rassa su gitta wa iska. A faƙo a haƙa rabin-wata, wato rami mai siffar rabin wata da ke tare ruwan sama, wanda ma'auninsa da aka saba shi ne 313 a hekta, kowane mai faɗin mita huɗu. A tara irin ciyawa tun kaka daga inda bai ƙone ba, a watsa gab da ruwan farko, a kuma sa ido kan garmani, wanda dabba ba ta so kuma shi ke saurin mamaye wurin da aka bari fili.

Binciken musabbabi aikin jami'an gandun daji ne da jandarma, amma ƙaramar hukuma ce za ta matsa a yi shi tun sawu bai goge ba. Ana bin ƙunar ne a nufi inda iska ta fito, har inda ta tsuke. Abin da aka fi tararwa a can sananne ne: garwashin shayi, murhun da aka bari da rai ranar tashin zango, guntun taba, ramin da aka yi wa hayaƙi don gafiya, masu ɗibar zuma, salansar mota cikin doguwar ciyawa, ko sharar gona a bakin yankin noma. Dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yunin 2004 ta hana cinna wa daji wuta, kuma wanda ya yi da gangan ya cancanci hukunci. Sai dai yawancin wutar sakaci ce, sau da yawa ma ta yaro. In mutane suka san ko ta ƙaƙa kurkuku ce, wanda wuta ta kuɓuce masa gudu zai yi a maimakon kururuwar neman taimako, alhali mintuna goman farko ne lokacin da mutum biyar ke iya kashe ta. A bambanta wanda ya sanar nan take da wanda ya ɓoye, kuma kada a taɓa ɗora laifin a kan wata ƙabila. Akwai kuma abin da ya kamata a sani game da diyya. Tun dokar 61-05 ta Mayun 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, filin da ke arewa da wannan iyaka na kiwo ne, na kowa, ba mallakar mutum ɗaya ba. Ana iya biyan mai saniya ko mai tanti, amma ciyawa ba ta da mai shigar da ƙara. In ƙaramar hukuma ba ta tsaya mata ba, ba mai tsaya mata.

Yanzu rigakafi. Ginshiƙinsa hanyoyin tare wuta ne, wato dogon layi da aka share ciyawarsa har sai yashi ya fito. Faɗin da aka saba mita 15 zuwa 20, kuma a shekarar ciyawa mai yawa a ɗauki 20. Kilomita ɗaya mai wannan faɗi hekta biyu ne. Tun da hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, manyan layuka su gitta masa, su tashi daga arewa maso yamma su nufi kudu maso gabas, sannan wasu su ratsa su a raba dajin gida-gida. In kowane gida kilomita biyar ne kowace kusurwa, wutar da ta tashi a ciki hekta 2,500 za ta tarar a gabanta. Makiyaya mai kilomita goma tsawo da faɗi tana buƙatar layi uku ta nan, uku ta can, kilomita 60 ke nan, hekta 120, kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari na filin. Ba a ofis ake zana su ba. Makiyaya ne suka san inda ciyawa ta fi kauri da inda wuta ta saba ɓullowa, kuma a jingina layukan da abin da dama ba ya cin wuta: hanyar mota, burtali, faƙo, tafki, tattakakken fili na bakin rijiya. Shafin FIRMS na hukumar NASA na ajiye tarihin wuraren da wuta ta tashi tun shekarar 2000, ana iya ɗora shi kan abin da dattawa suka faɗa. Ga ƙananan hukumomin da ke kewaye da gandun Gadabeji, mai hekta 76,000, inda aka mayar da raƙuman dawa a 2018, bakin gandun na cikin wuraren da za a fara da su, tare da ma'aikatansa.

Ana yin aikin da manjagara da haiwa, ko a ja reshen ƙaya mai nauyi ko ƙarfe a bayan raƙumi ko shanu, ko da tarakta. Gireda na da sauri, amma a kan tudun yashi in ta nutsa wuƙarta tana buɗe wa iska ƙofar zaizaya, don haka sama-sama za ta bi. Akwai hanya mai arha ta share siraran layi biyu a ƙona tsakaninsu da magariba in iska ta kwanta. Tana aiki, amma in iska ta tashi ba zato ita kanta takan zama gobarar, saboda haka ba a yin ta sai jami'an gandun daji na tsaye da isassun mutane.

Lokacin shi ne daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, bayan ciyawa ta zubar da iri ta fara bushewa. In aka riga haka, ruwan ƙarshe zai sake fito da ita. In aka wuce haka, wuta ta riga ku. Mafi yawan abin da ke lalata aikin ke nan: kuɗin abokan hulɗa masu ba da tallafi su iso a Disamba, a share layi a dajin da rabinsa ya riga ya ƙone. Sauran kurakuran ƙanana ne a ido, amma su ke sa wuta ta tsallake. A tara ciyawar da aka share a jibge ta a bakin layin, harshen wuta ya ninka tsawo daidai inda ake so ya mutu. A bar ƙananan itatuwa a tsakiya da ciyawa a ƙarƙashinsu. A bar kandilo, wanda ke ci a hankali sa'o'i da yawa, iska ta mirgina shi zuwa ɗaya gefen. A tsallake gangaren da ya yi wuyar aiki. A tsayar da layi tsakiyar ciyawa don nan iyakar ƙaramar hukuma ta ƙare, wuta ta zagaya ta ƙarshensa. Sannan iska na dawo da ƙarangiya kan layin, dole a sake bi da manjagara a Disamba ko Janairu, kuma kowace shekara aikin sabo ne.

A biya da kilomita, ba da yini ba, kuma sai bayan an duba: igiya mai mita 20 a gitta ta kowane rabin kilomita, mai dubawa ya zama ba shi ya raba aikin ba. Ma'aikatan su zama mutanen wurin, har da mata da makiyaya. Ciyawar da aka kwashe dukiya ce. A misalinmu kilomita ɗaya na ba da tan biyu, kilomita 60 tan 120. A kai ta wuri mai shinge da aka share kewayensa, a sayar a Afrilu zuwa Yuni, kuɗin su shiga asusun aikin baɗi. Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayun 2010 ta ɗora ƙa'ida kan kwasar ciyawa, don haka takardar izini ta fayyace cewa ta kan layin kawai ake nufi. In ba haka ba, masu amalanke za su fake da aikin su aske makiyayar baki ɗaya.

Layi shi kaɗai ba ya kashe wuta mai iska. A busasshiyar ciyawa goshin wuta na iya gudu kusan kashi ɗaya cikin biyar na gudun iska: iska mai kilomita 30 a sa'a, wuta kilomita shida, ya fi tafiyar mutum a yashi. Tana ninka sauri a duk hawa mai digiri goma, guguwa kuma na ɗaukar tartsatsi ta haye da shi. Amfanin layin shi ne ya rage mata ƙarfi, ya ba mutane wurin tsayawa da hanyar mota. Shi ya sa kowace babbar rijiya da kowane ƙauye ke buƙatar kwamiti na mutum 10 zuwa 15, da shugaba ɗaya da kowa ya sani. Kayansu manjagara, shebur, adda, buhun algarara da za a jiƙa, mabugi na faffaɗar roba a kan sanda mai mita ɗaya da rabi zuwa biyu, famfon goyo mai lita 16 zuwa 20, da jarkokin ruwan sha. In ɗanyen reshe za a yi amfani da shi, a nemi sabara ko anza, a guji tumfafiya saboda ruwanta na cutar da ido. Tufafi na auduga, domin yadin roba narkewa yake ya manne a fata.

Ba a tarar wuta ta goshi. Daga baya ake farawa, ta inda ta riga ta ci, a bi gefenta biyu ana matse ta, ƙafa ɗaya kullum a kan baƙin wuri don nan ne mafaka in ta juyo. Mutum ɗaya a ware shi, aikinsa kallon iska kawai, saboda in ta karkata, dogon gefen nan da ake bugu shi ke komawa goshi. Da dare iska kan lafa, wuta ta yi ƙasa, lokacin ne aka fi cin ƙarfinta. Cinna wata wutar daga bakin layi don ta tari mai zuwa, shugaba kaɗai ke ba da umarninsa, bayan ya tabbata ba mutum ko garke a tsakani. In ta mutu, a bar masu gadi su bi baki suna binne kandilo da kututture har gari ya waye.

Abin da ya rage wa ma'aikatar magajin gari a nan shi ne sanarwa da sufuri. Lamba ɗaya da kowa ya haddace, a yi ta maimaita ta a rediyon al'umma da Hausa da Fulatanci da Buzanci, da ranar kasuwa, da masallacin Juma'a. Katin waya ga shugabannin kwamiti. Durom ɗaya na mai, lita 200, da aka keɓe daga Oktoba zuwa Fabrairu ba a taɓa shi don wata hidima, da yarjejeniya a rubuce da masu mota biyu ko uku. FIRMS na aiko da saƙon gargaɗi kyauta, amma yakan makara da sa'o'i, kuma wutar ciyawa na iya tashi ta mutu tsakanin wucewar tauraro biyu, don haka wayar makiyayi ce a gaba.

Duk wannan sai da layi na musamman a kasafin kuɗi, da kuma shigar da shi cikin tsarin raya ƙaramar hukuma na PDC da shirin zuba jarin shekara. Ƙananan hukumomin yankin makiyaya da harajin kasuwar dabbobi suke rayuwa, daidai ne a yanki wani kaso sananne daga ciki a mayar wa ciyawar da ta ciyar da dabbobin, ya isa aƙalla manyan layuka da mai, abin da abokan hulɗa suka kawo ya zama ƙari. Tun da aka rusa zaɓaɓɓun majalisu a Afrilun 2024, waɗanda aka naɗa ne ke riƙe da ƙananan hukumomi, kuma ana iya sauya mutum kowane lokaci, saboda haka a sa tsarin a takardar hukuma mai sa hannu, kada ya tsaya a alkawarin baki. A rattaba irin ta da maƙwabtan ƙananan hukumomi kan inda layuka za su haɗe da wanda zai kira wa. A watan Maris kuma a zauna da kwamitocin da taswira a gaba, a yi alama a duk inda layi ya riƙe da inda wuta ta tsallake da dalilin tsallakewar, a gyara zanen kafin damina ta faɗi.